Tafiyar Da Ka Kira Tarabul

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da sanyin zuciya. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin hanya, Ya kai ka inda ka nufa da ƙafafunka, Ya dawo mana da kai a kansu. Amin.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka. Ka dai san bakina. In na buɗe shi da niyyar nasiha, kafin in kai ƙarshe ta zama faɗa, kai kuma sai ka sunkuyar da kai ka yi mini shirun nan naka da ya fi zagi ciwo. Biro ba ya ɗaga murya, shi ya sa na ari na ƙanwarka na zauna. Zan ba mahaifiyarka ta miƙa maka kafin Asabar, ranar da na ji a bakinta cewa motar Fatakwal za ta tashi da kai, za ka je wurin abokinka Nura mai sayar da kayan waya. Tun ranar da muka yi sa-in-sa a gona ba mu sake cin abinci a kwano ɗaya ba, gaisuwarka ma daga bakin ƙofa kake jefo mini ita. Abin da nake tsoro shi ne ka bar gidan nan a haka, ba mu yi sallama ba, ba mu yafi juna ba.

Bari in fara da laifina na ranar nan, tunda shi ne sabo. Muna dashen albasa, ƙafafunmu cikin taɓo, ka miƙe ka ce, “Baba, ni fa zan yi travel.” Maimakon in ja ka gefe in tambaye ka ina, wajen wa, don me, sai na ɗaga murya na kira ’yan ƙwadago. Na ce, “Jama’a ku zo ku ji, ɗan boko zai yi tarabul! Tafiya ta yi masa kaɗan!” Suka yi dariya, ni ma na yi. Da na ga fuskarka ta canza, maimakon in sassauta sai na ƙara da cewa in ka tafi ka bar ni da fangalin nan, kada ka dawo ka ce kana da gado a ciki. Magana zarar bunu ce. Tun kafin in rufe baki na san na yi ɓarna, amma girman kai ya hana ni janyewa a gaban mutane. Ba kai na yi wa dariya ba, Abba. Tsoro ne ya kama ni, ni kuma in tsoro ya kama ni sai ya fito da kamannin fushi.

Kalmar nan taka ta zauna mini a rai. Ranar da na shiga Kura sayen taki na tarar da Malam Garba, tsohon hedimastanku, zaune a rumfar mai shayi kusa da injin casar shinkafa. Na ce masa, “Malam, wai ni wannan tarabul da yaran yanzu suka ishe mu da ita, mece ce ta fi tafiya da shi?” Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce, “Sule, ai da sun san asalinta da ba su riƙa faɗinta da yanga ba.”

Ga abin da ya gaya mini, in na yi kuskure ka gyara, kai ne mai karatun. Ya ce Turawan Ingila ma aro suka yi daga Faransawa, kuma a can asali kalmar ba ta nufin tafiya ko kaɗan. Wahala take nufi, aiki mai cin rai, irin wanda mutum zai yi har ƙashinsa ya yi ciwo. Ya ce ’yar’uwarta tana nan a tsohon Turanci, da ita suke kiran naƙudar mace. In aka ƙara tonawa baya, zuwa harshen Rumawa, sai a tarar da sunan wasu itatuwa uku da ake kafawa a ɗaure mutum a jiki a gana masa azaba. Da yake a zamanin da hanya ba ta da daɗi a ƙasarsu, ga taɓo, ga sanyi, ga ’yan fashi, duk wanda ya bar gari ya san wahala zai sha, sai sunan wahalar ya koma sunan tafiyar. Yau kuma, in ji shi, da ita suke kiran kowace irin tafiya mai nisa, har ta mai kuɗin da ya hau jirgi don ya je ya kwanta a bakin teku. Mu nan kuma in ka je ofis neman mutum aka ce maka ya yi tarabul, ma’ana ba ya gari, kada ka tambayi ranar dawowa.

Na ce, “To Malam, ashe abin da iyayenmu suke cewa ne, tafiya yankin azaba.” Ya ce, “Shi ne fa. Bature ya sani, ya manta. Mu ba mu kai ga mantawa ba tukuna.”

A kan babur ina dawowa na yi ta juya maganar. Abin da ya dame ni da kalmar ba Turancinta ba ne. Buhu ce, komai ka zuba mata ta ɗauka, ba ta gaya wa kowa abin da ke ciki. Mu a Hausa kowace tafiya da sunanta, kuma sunan yakan gaya maka yaushe mai ita zai dawo. Mai ziyara kwana kaɗan ne. Mai fatauci in kaya sun ƙare ya juyo. Ɗan ci-rani da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ya ɗaure ƙunshinsa. Mai yawon duniya ne kaɗai ba a sa masa rana, uwarsa takan daina dafa abinci da shi. Da ka ce mini tarabul ban san wacce kake nufi a ciki ba, ina kuma zaton kai ma ba ka sani ba. Ni ma ban san tawa ba lokacin da na fara, kuma daga nan kurakuraina suka faro.

Kakanka Malam Isiyaku, wanda ka ci sunansa har muke kiran ka Abba, ɗan ci-rani ne na gaske. A zamaninsa babu kanal ɗin ban-ruwa. Da an kai gero da dawa rumbu, ƙasar nan sai ta bushe ƙamas, babu abin yi sai zaman gindin bishiya da cinye abin da aka tara. Maza sukan fita don su rage wa rumbu baki. Ya yi haƙar kuza a Jos, ya yi ga-ruwa a Ibadan, kuma bai taɓa bari ruwan shuka ya sauka ba ya gida ba. Ina yaro aka kawo ruwan madatsar Tiga, aka yanka gonaki, aka ja kanal har bayan ƙauyenmu. Rani ya zama wata damina. Tun daga shekarar kakanka bai sake taka tasha ba.

Ni kuwa da na tasa sai na ce ci-rani za ni, kamar yadda aka saba. Ina ganin samarin wasu garuruwa suna dawowa da agogo da rediyo, raina ya biya. Kakanka yana gyaran bakin fangali da fartanya, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, “Sule, mu yunwa ce ta kore mu. Ci-rani na wanda raninsa ba shi da ruwa ne. Kai me ya kore ka?” Duk da haka na tafi. Na bar aiki a lokacin da aiki ya fi yawa, na je garin wasu ina neman aiki. Duk ƙasar Hausa in ka cire mu ’yan bakin kanal babu wanda zai iya wannan wautar, domin mu kaɗai Allah Ya ba ruwa da rani.

Kai ba zan ce ba ka da dalili ba. Na ga yadda taki ya yi tsada, na ga shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir muna ji muna gani, na ga takardar makarantarka tana kwance a akwati. Dalilinka ya fi nawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma ka zauna kai kaɗai ka amsa tambayar kakanka, me ya kore ka, kuma me kake so ka riƙo a hannu ka dawo. In sana’ar waya ce, to ka koye ta har ka iya buɗe naka shagon a Kura, ka sa wa kanka lokaci, ka gaya wa mahaifiyarka lokacin. Tafiyar da ba a sa mata rana ba takan ja mutum har ya manta dalilin fitowarsa.

Kuskurena na biyu na fatauci ne. Bayan ci-ranin ya ƙi, sai na ce bari in bi motar tumatir zuwa Legas, tunda a gida muke nomawa. Duk wanda ya san harkar ya san tumatir mai tafiya kudu ba a bari ya nuna sarai. Ana tsinkarsa yana ɗan ja-ja da sauran ƙarfinsa, kuma a janye masa ruwa kafin tsinka, don ya ƙarasa nuna a hanya. Tsofaffin fatake sun gaya mini. Ni kuwa mai wayo sai na shayar da nawa ana gobe tsinka don ya yi nauyi ya yi sheƙi, na zaɓi jajaye zur, na cika kwanduna har suna tozo. Da aka jera kaya a bakin titi nawa ya fi na kowa kyau, ina ta hura hanci. Direba ya ce gobe war haka muna Legas.

Muna haye gadar Jebba mota ta lalace. Muka kwana, muka wuni cikin rana, muka sake kwana ana jiran a kawo ƙarfe daga wani gari. Ina zaune a inuwar motar ina kallon jan ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashinta, na kuma san daga kwandunan wa yake fitowa. Da muka isa kasuwa, dillali ya ɗaga ciyawar da aka rufe kwandona na farko, ya dube ni ya ce, “Malam, ai miya ka kawo mana, saura gishiri.” Kayan sauran mutane sun nuna daidai, an saye. Nawa sai da na biya aka kwashe zuwa juji.

Don haka kada ka yi shiri don hanyar da direba ya faɗa maka, ka yi shiri don wadda za ta lalace a Jebba. Nura yaron kirki ne, na san ubansa, amma shi ma ɗan mutane ne a garin mutane. Shago yana iya rufewa, aboki yana iya canzawa, ciwo ba ya sallama. Ka ware kuɗin motar dawowa ka ajiye inda hannunka ba zai kai ba sai ranar da ta ɓaci. In ka sauka ka nemi dattawan Hausawan wurin ka gaishe su, su san fuskarka da sunan garinku tun kana lafiya, kada ka bari sai ka shiga uku. Ka riƙe sallarka. Kada ka raina abincin mutane ko yarensu, baƙo raɓa ne.

Asarar tumatir ba ita ce babbar ɓarnar wannan tafiyar ba. Abin da na yi bayanta ne. Kunya ta hana ni dawowa. Na tuna yadda na hura hanci a bakin titi, na ce ba zan koma a yi mini dariya ba. Na tsaya a kasuwar ina dako, ina kwana a rumfa, ina aiko da saƙo ta bakin direbobi cewa kasuwa ta buɗe, kaya ne suka riƙe ni. Har babbar riga na ara a wurin wani mahauci, na je aka ɗauke ni hoto na aiko gida. Kakarka ta yi ta yawo da hoton gida-gida tana nunawa. Sai daga baya ta ba ni labari, wai da aka miƙa wa kakanka ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Rigar dai ta yi kyau. Amma ku dubi ƙafarsa.” Mai hoton ya ɗauko har da silifas ɗina da fason da ya tsattsage mini dunduniya. Kakanka sai ya sayar da buhun alkama ya ba wani direba kuɗin ya ce a ɗauko masa ɗansa.

Ku yanzu abin ya fi muku sauƙi, ya kuma fi haɗari. Ba sai ka ari riga ba, jingina kawai za ka yi da motar wani ka danna waya, duk ƙauye ya gani. Kada ka yi, Abba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda ya aiko da hoton ƙarya shi ya toshe wa kansa hanyar gida, don ba zai iya dawowa a yadda yake ba. In ka samu ka faɗa, in ka rasa ka faɗa. Nisa bai taɓa raba ɗa da gidansu kamar yadda kunya take rabawa ba. In abin ya ƙi, ka dawo ko da riga ɗaya. Za a yi maka dariya a majalisa na kwana biyu, ni ma wataƙila in taya su, ka san hali. Daga nan a ba ka fartanya.

Ka ce wannan ya isa ya koya mini hankali? Ina! Na ɗanɗana hanya, ta shiga jinina. Na koyi tsinkar tumatir yadda ya kamata, na fara samu, sai ya zama kowane rani ina sama da ƙasa tsakanin ƙauyenmu Kadawa da kudu. A haka na auri mahaifiyarka. Tana da tsohon cikin yayarka Dije aka ce kaya sun yi tsada a Legas. Ta ce mini a hankali, “Malam, da ka ɗan jira.” Na ce ai mata suna haihuwa kullum, ga Inna a gida, ni zaman me zan yi. Na tafi, na kuma zarce daga wannan lodin zuwa wani. Ta sha wuya a haihuwar ƙwarai, har an fid da rai. Ragon suna yayanta ne ya kawo. Da sana’ar turara shinkafa ta riƙe kanta da jaririya, tana jego tana gaban wuta. Da na dawo da atamfa da sabulu ina jin ni wani ne, ta karɓa, ta durƙusa ta ajiye mini ruwa, ta ce, “Sannu da zuwa, baƙo.” Iyakar abin da ta taɓa faɗa kenan a kan maganar har yau. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da Malam Garba ya ce kalmar nan ’yar’uwar naƙuda ce, wannan ranar na tuna. Matafiyi yana ganin shi kaɗai yake shan wahala, don shi ne a kan hanya. Ban taɓa lissafa wahalar wanda aka bari ba. Mahaifiyarka ba za ta ce maka kada ka tafi ba, ba halinta ba ne, tun jiya ma take soya maka ƙuli-ƙuli da yaji. Amma daga ranar da ka fita ba za ta ƙara barci mai nauyi ba. Ka riƙa kiran ta, ba sai kana da labari ba, ba sai kana da abin aikowa ba. Ta ji muryarka ta tambaye ka ko ka ci abinci, ya ishe ta. In Allah Ya ba ka mata nan gaba, duk ribar da ke kudu ba ta kai ka tsaya a ƙofar ɗaki ranar da take kan gwiwa ba.

Saura ɗaya, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan. Ban taɓa gaya maka ba, ban taɓa gaya wa Dije ba. Abin da kuka sani shi ne kakanku ya rasu ina kudu.

Ka san yadda ruwan kanal yake, rana-rana ne. In ranar layinku ta zo aka sako, dole mutum ya kasance a gonarsa, ya tare, ya jefa tiyo ya jawo ruwan, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya. In ka bari ya wuce ka sai wani zagayen, alkama kuwa in ta fitar da kai ba ta jiran wani zagaye. A wannan ranin kakanka ya tsufa, gwiwoyinsa sun ƙi, kamar yadda nawa suke yi yanzu. Alkamarsa saura ruwa ɗaya ta kai. Ni kuma na riga na kama wuri a mota. Ya kira ni zaure ya ce, “Sule, ka tsaya ka ba alkamar nan ruwan ƙarshe, sai ka bi mota ta gaba.” Na ce mota ta gaba kasuwa ta faɗi. Ya ce arziki na Allah ne. Sai na ce masa, Allah Ya gafarta mini, na ce gonar nan ba ta taɓa mai da kowa mutum ba, shekara nawa yana cikinta ko keke bai saya ba. Ya dube ni, ya ɗauki carbinsa ya shiga ja.

Al’adarmu ka san ta. Mai tafiya yakan bi manyansa ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya ce a yafe masa, su ma su ce ya yafe musu, a yi masa addu’a, don ba a san wanda zai riga wani ba. Duk tafiye-tafiyena ban taɓa tsallake wannan ba sai ranar. Da safe bayan an idar da salla na hango shi zaune a zaure a kan buzunsa, inda ya san dole ta nan zan wuce. Jirana yake yi. Na tsaya a tsakar gida da jakata, zuciya tana ce mini je ka durƙusa, girman kai yana ce mini in ka dawo da riba ka ba shi haƙuri da kyauta a hannu. Na bi ta ƙofar baya, wadda ake fitar da awaki.

Ranar ruwa ta zo, kakanka bai nemi kowa ba, ya ɗauki tiyo ya tafi da kansa. Lokacin sanyi ne, ya wuni tsaye cikin ruwa. Ya dawo da zazzaɓi, ya koma ciwon haƙarƙari. Babu waya a lokacin. Wani direban tumatir ne ya gan ni a kasuwa ina ciniki, ya ce, “Sule, ashe kana nan? Allah Ya jiƙan Malam.” A zatonsa na sani. Kafin in iso gida an yi sadakar bakwai, ƙasar kabarin ta bushe. Alkamar kuwa ta yi kyau, ba mu taɓa samun irinta ba, ni na yanke ta ina kuka.

Na sami Inna a ɗaki na tambaye ta ko ya ce wani abu a kaina. Ta ce ranar da na tafi ya daɗe a zaure har rana ta ɗaga, sannan ya shigo ya tambaye ta ko na ɗauki bargo, don ana sanyi a bayan mota. Na ce, “Inna, ya ce ya yafe mini?” Kakarka ba ta ƙarya, ko don ta sanyaya wa mutum rai. Ta ce, “Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ba ka tambaye shi ba, Sule.” Daga wannan shekarar ban sake bin mota ba. Na yi masa sadaka, na yi masa addu’a, na sa maka sunansa, malamai sun ce mini uba ba ya riƙe ɗansa a zuci, ina kuma kyautata zaton haka ne. Amma ban ji daga bakinsa ba, kuma ba zan taɓa ji ba. Na fi shekara talatin ina ɗauke da wannan, ba ya raguwa.

Da ka miƙe a gona ka ce za ka tafi, ga albasa a ƙasa, ga gwiwoyina, abin da na gani kenan. Na ga kaina a wurinsa, na gan ka a wurina. Kuma dubi abin da na yi, na ba ka dalilin bin ƙofar baya da bakina.

To ka saurara. Na yi magana da Malam Hadi maƙwabcinmu, ɗansa zai karɓi rabin gonar aro na wannan ranin, shi zai riƙa ba sauran rabin ruwa ranar layinmu. Ba zan shiga ruwa da sanyi ba, na yi wa mahaifiyarka alkawari, yanzu kuma na yi maka. Ba zan ɗora maka kayan da na ɗauka ba. Maganar gado da na yi a gaban mutane na janye ta, kuma zan janye ta a gaban mutanen da suka ji. Gonarka tana nan, aro aka ba da, ba sayarwa ba.

In kuma Allah Ya ƙaddara wata rana waya ta same ka a can aka ce maka Baba ya cika, kada ka hau motar ganganci kana sauri. Ba za ka riske ni ba, mu ba ma ajiye gawa. Ka yi alwala ka yi mini addu’a a inda kake, ka taho a hankali ka riƙe mahaifiyarka. Kuma kada ka tambayi kowa ko na ce wani abu, ga shi na rubuta da hannuna. Na yafe maka, Abba, abin da ka yi da wanda ba ka yi ba tukuna, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini dariyar da na sa aka yi maka, da zafin bakina tun kana ƙarami.

Asabar da safe bayan salla zan zauna a zaure. In ka biyo ta nan, ba sai ka ce komai ba, ka ɗan durƙusa in dafa kanka. In zuciyarka ba ta sauko ba ka bi ta baya, babu komai, yafiyar tana cikin aljihunka. Sai dai ina roƙonka ka biyo ta zaure. Ba don ni ba, ni na kusa gama tawa tafiyar. Don kai ne, na san nauyin ɗaya ƙofar.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare ka daga haram ko da ta zo da sauƙi. Allah Ya sa ka je a sa’a ka dawo a sa’a, Ya sa mu gana da alheri. Allah Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Sule Isiyaku